Makaɗin fiyano a gaban kyamara: kurakuran da aka fi yi

Abin ya ishi mutum. Matashi ya share shekara goma sha biyar yana koyon kiɗan fiyano na gargajiyar Turai, a ba shi rol a fim, ya je ya faɗa ramin da na gabansa suka faɗa.

Kuskure mafi tsada a wajen naɗar kiɗan yake. Galibi ba a lokeshan ake ɗaukar sautin fiyano ba. Tun farko ake naɗe shi a situdiyo, ranar shutin a sake shi, kai kuma ka bi da yatsu. Sau da yawa ma an toshe bakin fiyanon da ke gabanka don kada ya danne maganar 'yan wasa. To, sabon shiga sai ya kaɗa kiɗan Chopin, shahararren mai tsara kiɗan fiyano, a situdiyo kamar yana kan dandamali, nan ya ja, can ya ruga, yadda zuciyarsa ta raya masa ran nan. Bayan wata biyu a ce ya maimaita daidai wa daida sau ashirin, kyamara na zagaya shi. Ina! Hoto 24 ake ɗauka a daƙiƙa guda, kuma in yatsa ya makara da hoto uku, mai kallo ya gano ka. Edita sai ya zubar da hotunan hannunka ya bar fuska. To me ya sa aka ɗauko makaɗi na gaske?

Ni dai ga abin da nake gani. Ka naɗi kiɗan da tafiya madaidaiciya, ka rage ja da saki. Ka rubuta lambar kowane yatsa a kan takardar kiɗan, kada ka ƙara sauya ko ɗaya. A sa maka ƙyas-ƙyas huɗu a farkon sautin don ka san inda za ka shiga. Sannan mako biyu kafin shutin, kullum ka bi naɗin nan har ya zama jikinka. Ka kuma tambayi mai sauti ma'aunin fayil ɗin: fim da 48 kHz yake aiki, in aka saki na 44.1 a kansa ba tare da an juya shi ba, kiɗan zai ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin ɗari, muryarsa ta hau.

Na biyu, hannu. A nan ne nake jin haushin yaran nan. Aikin fim yakan ci awa goma sha biyu a yini, mafi yawansa jira ne. Ka zauna awa uku a ɗaki mai sanyi, jijiyoyi sun sandare, darakta ya ce a tafi, kai kuma don kunya ka afka wa wuri mafi wuya da dukkan ƙarfinka, ka maimaita har tsintsiyar hannu ta fara zogi. Wa kake so ka burge? Makaɗin fiyano Leon Fleisher na Amurka yana da shekara 36, a 1964, yatsu biyu na hannunsa na dama suka naɗe, ya yi kusan shekara talatin da hagu yake kaɗa kiɗa a gaban jama'a. Hannu ba ya ba da notis sau biyu. Ka tsoma hannuwa a ruwan ɗumi, ka yi minti goma kana hawa da sauka da yatsu a hankali kan fiyanon lantarki mai madannai 88 masu nauyi, abin sauraro a kunne. Ka roƙi darakta a fara da hotunan hannu tun da ƙarfinka. In akwai faɗuwa ko dambe a labarin, a kawo wanda zai tsaya maka, kuma a rubuta hakan a kwantiragi, ba alkawarin baki ba.

Sai kalanda. Ranar wasan dandamali tun shekara ɗaya ko biyu ake tsayar da ita, ranar shutin kuwa gobe ma tana iya gusawa. Ka bar aƙalla mako uku tsakanin ƙarshen shutin da babban wasa. Masu sharhin kiɗa dama jiran ka suke: makaɗin fiyano José Iturbi ɗan Sifaniya ya yi suna a finafinan kamfanin MGM na Amurka a shekarun 1940, amma darajarsa ta ragu a idon wasunsu.

Sauran ƙanana ne. Yamutsa fuska da jijjiga kai da ke kai wa ga kujerar ƙarshe a zaure, a kusa da kyamara abin dariya ne, rage shi. Kada mai kwalliya ya sa maka zobe ko farcen roba ba ka gwada kiɗa da su ba. Chopin ya rasu tun 1849, kiɗansa na kowa ne, amma naɗin da ka yi haƙƙinka ne, ka duba wanda kwantiragi ya mallaka wa shi. Kuma ka auna tsayin kujerarka ranar farko ka rubuta, domin in masu kaya suka taɓa ta, gwiwar hannunka za ta sauya wuri daga hoto zuwa hoto.