Yadda ake zaɓar tiyata idan toshewar jijiyar zuciya ta sa bawul yoyo

Bawul ɗin maitiral shi ne ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da ɗakin ƙasa na hagun zuciya. A irin wannan yoyo, marafan bawul ɗin biyu lafiyarsu ƙalau. Tsokar ɗakin ƙasa ce ta rasa jini ta buɗe, ta janye tsokoki biyun da ke riƙe da zaruruwan bawul, sai marafan su kasa haɗuwa, jini ya riƙa komawa baya. Don haka da auna tsokar ake fara shawara.

A fara da hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, alhali majiyyaci yana farke, domin maganin barci yana sauke hawan jini, yoyon ya yi kamar ya ragu. Sai hoton jijiyoyin jinin zuciya, da gwajin ko tsokar da ta raunana tana da sauran rai.

Idan yoyon matsakaici ne, yawanci tiyatar baifas kaɗai ake yi, wato a yi wa jini sabuwar hanya ta kewaye inda jijiyar ta toshe. Wani gwaji kan majiyyata 301 ya nuna ƙara gyaran bawul bai ƙara tsawon rai cikin shekara 2 ba, sai ma ƙarin rikicewar bugun zuciya da matsalar ƙwaƙwalwa.

Mai tsanani kuwa hanya biyu ce. Ta farko gyara: a ɗinka cikakken zobe mai tauri a bakin bawul, a rage girman zoben da lamba ɗaya ko biyu daga awon da aka yi, sau da yawa milimita 26 ko 28, har marafan su haɗu da kimanin milimita 8. Illarsa, zoben bakin kawai yake matsewa, zuciyar kuma tana ci gaba da buɗewa. A gwajin majiyyata 251 da aka fitar da sakamakonsa a 2016, yoyo ya dawo wa kusan kashi 59 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa gyara bayan shekara 2, waɗanda aka sauya wa bawul kuwa ƙasa da kashi 4. Idan faɗin ɗakin ƙasa ya wuce milimita 65, ko marafan sun janye ƙasa fiye da milimita 10, ko gindin bangon zuciyar ya kumbura, gara a haƙura da gyara.

Ta biyu sauya bawul, amma kada a yanke zaruruwan, su ke taimaka wa zuciya riƙe siffarta. Na ƙarfe yana daɗewa, sai dai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ne har ƙarshen rai, awon daskarewar jini (INR) kuma ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5. Na naman dabba kan gaji cikin shekara 10 zuwa 15.

Wanda ba zai jure buɗe ƙirji ba, kuma magani ya gaza, ana iya saka masa MitraClip, ɗan maƙali da ke haɗe marafan biyu, ta jijiyar jinin cinya. Gwajin COAPT na 2018 ya nuna raguwar mutuwa da kwanciya asibiti, na MITRA-FR a Faransa bai nuna ba, majiyyatansa kuma zuciyarsu ta fi buɗewa.

Akwai yanayin da ba ya jira: tsokar da ke riƙe da zaruruwa ta tsinke, yawanci kwana 2 zuwa 7 bayan toshewar jijiya. Ruwa ya cika huhu nan take, hawan jini ya faɗi. Tiyatar gaggawa ake yi, kuma galibi sauya bawul ɗin ake yi.