Yadda za ka kama tushen dokar kasuwanci tun daga kasuwar ƙauye

Ƙannena da kuka fara karatun dokar kasuwanci a BUK ko poli, dan Allah kar ku fara da haddar sashe-sashe, ku fara sanin inda dokar ta samo asali tukunna. Kundin tsarin mulki na 1999 ne a sama, duk dokar da ta ci karo da shi ta faɗi. Sai dokokin majalisa irin su CAMA ta 2020, wato dokar kamfanoni, da abin da muka gada daga Ingila, da shari'ar Musulunci da al'ada, da hukuncin da manyan kotuna suka riga suka yanke.

Toh in ka riƙe wannan, ranar Alhamis ka shiga kasuwar Maigatari ta Jigawa ka tsaya a kara ka buɗe kunne. Mai saye ya taya sa, wato bijimi, mai shi ya ce albarka, aka ƙara, ya ce na sallama, ai kwantiragi ke nan ya ƙullu a gabanka, akwai tayi akwai amincewa, wannan zai ba da kuɗi wancan zai ba da sa, dukkansu baligai masu hankali kuma da gaske suke. Ka lura fa, in mai sa ya yanka nasa farashin to tayin farko ya mutu, ba zai dawo daga baya ya ce dole a saya a yadda aka taya ɗazu ba.

Sai dillali, nan ne wallahi nake so ku fi zura ido. Wakili ne, la'adarsa halak malak, amma ya sayar dubu 500 ya ce wa mai dabba 450 aka saya, wannan cin amana ne kuma doka ta ce ya dawo da rarar. Haka wanda ya zuba yashi a buhun riɗi, ko ba a kama shi ba algus ya yi.

Batun kamfani kuma ku karanta shari'ar Salomon ta 1897 da aka yi a Ingila, inda kotu ta ce kamfani daban mai shi daban. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, bashi zai bi shi har rumbunsa, shi ya sa ya kamata ku bambance wa mutane kamfani da sunan kasuwanci tun kafin su biya kuɗin rajista.

Mutanen gari za su fara kawo muku rigimar bashi da jinginar gona tun ba ku gama ba. Ku riƙe sirrinsu, kar ku ce ku lauyoyi ne alhali ba ku zama ba, kuma ku sa su rubuta bashi da shaidu kamar yadda aya ta 282 a Baƙara ta ce, a sa rana, a sa adadi, kowa ya sa hannu ko ya dangwala.