Yadda za ka ɗaura birenbos mai zaman kansa a motar gudu ba tare da ka ƙona injin ba

Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai tun kafin ka cire kuɗi shi ne, wannan akwatin da ake ce wa ECU mai zaman kansa, wato birenbos ɗin da ba na kamfanin motar ba, ba ya ƙara wa mota ƙarfi don kawai an jona shi. Fanko yake zuwa. Birenbos ɗin da kamfani ya sa wa motarka injiniyoyi sun daɗe suna koya masa yadda zai tashi injin da sanyin safiya, yadda zai riƙe silo idan ka kunna AC, yadda zai ja baya idan mai ba shi da kyau, shi kuwa sabon da za ka sa bai san ko silinda nawa injinka yake da su ba sai ka gaya masa. Amfaninsa ɗaya ne kuma babba ne: komai a buɗe yake, mai da wuta da bust, wato matsin iskar da turbo ke turawa cikin injin, duk suna hannunka.

To wa ya kamata ya sa? Idan salansa kawai ka canza da abin tace iska, gaskiya ka bar na kamfani, in ma ya zama dole a sake rubuta masa taswira, wato saitin mai da wuta da ke cikinsa, ya isa. Amma idan ka ɗaura turbo a injin da bai zo da shi ba, ko ka sa manyan nozul, ko ka canza kam, ko ka ɗauko injin wata mota ka dasa a wata, nan ne na kamfani yake fara gazawa. Shi ya sa za ka ga tsofaffin motocin Jafan irin su Supra mai 2JZ, Skyline mai RB26, Evo mai 4G63 da MX-5 su aka fi yi wa wannan aikin, wayarin ɗinsu ba shi da rikici sosai kuma an riga an yi musu akwatunan da za ka zare na kamfani ka soka su a soket ɗaya. Sabbin motoci kuwa labari ne daban, saboda dashbod da ABS da giyar otomatik da makullin tsaro duk suna hira da birenbos ta layin CAN, ka cire shi sai ka ga allon gudu ya mutu ko giya ta ƙi shiga. Idan kuma injin mai fesa mai kai tsaye cikin silinda ne, ba kowane akwati ne ke iya tuƙa irin waɗannan nozul ɗin ba. Sannan ka duba dokar inda kake idan motar za ta hau titi, a Amurka misali tun 1996 motoci suke zuwa da OBD-II, wato soket ɗin da ake jona na'ura a karanta lafiyar injin, kuma a wurare da yawa ta nan ake gwajin hayaƙi, motar da aka cire mata na kamfani ba lallai ta wuce ba.

Wajen zaɓe kar ka fara da suna. Akwai Haltech da MoTeC da Emtron daga Ostareliya, Link daga Niyuzilan, ECUMaster daga Folan, MaxxECU daga Suwidin, FuelTech daga Barazil, sai kuma MegaSquirt da Speeduino na masu son haɗa abinsu da hannu, su biyun da manhajar TunerStudio ake saita su. Duk suna aiki. Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki takarda ka lissafa duk abin da zai shiga akwatin da duk abin da zai fita: nozul nawa, kwayil nawa, totur na waya ne ko na lantarki, akwai VVT, wato tsarin da ke canza lokacin buɗewar bawul, ko babu, fanka, famfon mai, bawul ɗin bust, sensa na baƙin mai da na fetur. Ka ƙirga, ka ƙara biyu ko uku na gaba, sannan ka nemi akwatin da zai ɗauka. Kuma ni a ganina abin da ya fi komai nauyi shi ne wanda mai tunin ɗinka, wato wanda zai saita maka akwatin, ya ƙware a kai, domin akwati mai tsada a hannun wanda bai san manhajarsa ba bai kai mai araha a hannun gwani ba.

Kafin a taɓa waya ko ɗaya, a tabbatar injin lafiyarsa ƙalau. A gwada kwamfireshan, a duba ko iska na shiga ta wani gasket, a duba famfon mai yana riƙe matsi, wanda a yawancin injina masu nozul a bakin bawul bar 3 ne wato kusan psi 43.5. Tunin ba ya gyara ring da ya cinye.

Sai wayarin, kuma dan Allah a nan kar ka yi gaggawa, mafi yawan matsalar da ake ɗora wa akwati daga waya take. Sensa suna da nasu layin as da ke komawa cikin akwatin kai tsaye, kar ka ɗaure shi a bodi don ka ga shi ma as ne, idan ka yi haka duk lokacin da fanka ta tashi karatun sensa zai yi tsalle. Wayar sensan karanshaf da ta kam a sa mai rigar ƙarfe, a ɗaure rigar a gefe ɗaya kawai wajen akwatin, kuma a nisanta ta da kwayil da wayoyin filogi da altaneta. Kowane layin wuta da fiyus ɗinsa da rile. Haɗi a matse shi da abin matsewa mai kyau, ba a murɗa a naɗe da salatif ba, injin yana girgiza kuma yana zafi. Ka kuma auna nozul ɗinka da mita, idan ka ga wajen om 12 masu sauƙi ne, idan ka ga 2 zuwa 4 to sai akwatin da ke iya tuƙa su ko a sa musu rasista.

Sensa biyu ba a ciniki a kansu. Na farko waidban, wato sensan iskar salansa mai faɗin karatu, yawanci Bosch LSU 4.9. Ƙaramin da ke zuwa da tsofaffin motoci iyakarsa ya ce mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ba ya faɗin nawa. A ɗaura shi bayan turbo, bakinsa da ke cikin salansa ya ɗan kalli ƙasa don kar ruwan salansa ya kwanta a ciki, kuma in akwai huda a salansa gabansa zai riƙa nuna maka mai ya yi kaɗan alhali ba haka ba ne. Na biyu sensan MAP, wato mai auna matsin iskar da ke shiga injin, wanda ya dace da bust ɗinka, ka tuna shi da iskar duniya yake lissafi, kusan kPa 100 ko injin a kashe, saboda haka mai bar 3 bust ɗin bar 2 kawai yake iya karantawa.

Yanzu mun zo zuciyar aikin, wato tiriga. Akwatin yana sanin inda fiston yake ne ta wani faifai mai haƙora a jikin karanshaf, wani 36 da aka cire ɗaya, wani 60 da aka cire biyu, tsofaffin Nissan kuma faifai ne mai huda 360 da ake karantawa da haske. Ka zaɓi daidai irin naka a manhaja, ka kuma gaya masa sensan Hall ne ko VR mai maganaɗisu. Daga nan ka zare soket ɗin nozul da na kwayil, ka buga kik kana kallon laftof. So ake ka ga rpm ya tsaya wuri ɗaya wajen 200 ko kusa da haka, ba ya tsalle zuwa 900 ya dawo sifili, kuma lambar da ke ƙirga kuskuren tiriga ba ta motsi. Idan tana hawa kar ka ci gaba, ka koma ka duba tazarar sensa da haƙori, ka duba ko ka juya wayoyin VR.

Idan wannan ya zauna sai ka mayar da kwayil, amma ka fara tabbatar da irinsu, masu igina a ciki ne, wato ɗan makunnin lantarki da ke ba kwayil wuta yana yankewa, ko marasa shi, da lokacin cajinsu wanda galibi yana wajen milisakan 3. Na taɓa tsayawa a kan wata mota da aka juya wannan saitin, makulli kawai aka murɗa ba a ma tada injin ba, kafin a gama magana sai wari ya fara tashi kamar ana ƙona leda, na kai hannu kan kwayil na farko ban iya riƙewa ba, robar samansa ta kumbura ta tsage. Siginar a juye take, kwayil ɗin yana ta caji ba hutu. Shi ya sa karon farko hannunka ya kasance kusa da makulli, ka riƙa taɓa su.

Sai ka kulle taimin a manhaja a kan digiri 10, ka ɗauko fitilar taimin ka haska kan fulin karanshaf. Abin da laftof ya ce da abin da idonka ya gani a kan fuli dole su zama ɗaya. Idan laftof ya ce 10 alamar kuma tana kan 16, to duk lambar da za ka rubuta a teburin wuta nan gaba ƙarya ce da digiri 6, kuma digiri 6 a cikin bust ya isa ya fasa fiston. Ka gyara lambar daidaitawa har su haɗu. In injin ya tashi ka ɗaga shi zuwa 3000 ko 4000 taimin na kulle, alamar ta tsaya cak, idan tana tafiya gaba ko baya yayin da rpm ke hawa akwai matsala a gefen haƙorin da yake karantawa. A tsohon injin ma ka tabbatar alamar fulin gaskiya take faɗi, domin zoben waje yana iya zamewa a kan robarsa.

Mai kuma. Yawancin akwatunan nan da matsin iska da zafinta da rpm suke lissafa iskar da ta shiga, sai teburin VE ya gaya musu yadda silinda ke cika. Kafin ka taɓa teburin ka shigar da bayanan nozul na gaskiya, girmansu da lokacin da suke ɓatawa kafin su buɗe, wanda yake canzawa da ƙarfin batir. Mutane suna raina wannan. Ka duba, a silo nozul na iya buɗewa na milisakan 2, kusan 1 daga ciki na jinkirin buɗewa ne, kenan in ka kuskure da 0.2 kawai ka kuskure man silo da kusan kashi 20 cikin ɗari, sai ka yi ta fama da silo yana hawa yana sauka kana zargin bawul.

Wajen auna haɗin iska da mai ma'auni biyu ake amfani da su, lamda da AFR, ka saba da lamda, ya fi sauƙi. Lamda 1 shi ne 14.7 na iska da 1 na fetur, nan ake zama a silo da tafiya a hankali. In an take totur a injin mara turbo ana neman wajen 0.85 zuwa 0.88, a cikin bust kuma wajen 0.78 zuwa 0.82 don ƙarin man yana sanyaya silinda. Idan ka koma E85, wato man da yawancinsa etanol ne aka haɗa da ɗan fetur, lamdar kusan haka take, sai dai injin zai sha ƙarin mai kusan kashi 30, to ka tabbatar nozul da famfo za su iya. Kar lokacin da nozul yake buɗe ya wuce kashi 85 na lokacin da yake da shi, a 6000 rpm milisakan 20 kacal gare shi a kowane juyi biyu na karanshaf. Ka bar injin ya ɗau zafi sosai kafin ka saita teburin, idan ka saita da sanyi ƙarin man ɗumama zai ruɗe ka. Silo tukuna, sai tafiya mara nauyi, sannan a hankali a hau sama, kuma kullum kana ɗaukar log, wato rikodin karatun sensa a laftof, kana komawa kana karantawa. Wani ya tuƙa kai ka riƙe laftof, kar ka haɗa biyun.

Kafin bust ya shigo ka kunna duk kariyar da akwatin yake da ita, wallahi wannan shi ne ya fi cancantar kuɗinka a cikinsa. Iyakar rpm, yanke mai idan bust ya wuce, ja baya idan ruwan lagireto ya yi zafi, kashewa idan matsin baƙin mai ya faɗi, da yankewa idan lamda ta nuna mai ya yi kaɗan cikin nauyi. Ka gwada kowanne ka ga yana aiki, misali ka sauke iyakar bust ƙasa sosai ka ga ya yanke. Ka fara da bust ɗin da sifirin ɗin westget ke bayarwa kawai, westget shi ne bawul ɗin da ke sakin hayaƙi don kar bust ya wuce.

Teburin wuta shi ne wanda ba na ba kowa shawarar ya yi a titi. Kana ƙara digiri ƙarfi na ƙaruwa har ya kai wani wuri ya tsaya, bayan nan duk abin da ka ƙara matsi ne kawai a kan fiston da biyarin, kuma ba za ka ji wannan wurin a jikinka ba sai daino, wato na'urar da ake ɗora mota a kai tana auna ƙarfinta, ya nuna maka. A injin turbo ma sau da yawa nokin yana riga wannan wurin zuwa. Nokin ɗin nan ba shi ne wanda ake cewa injin ya buga ba, a'a, ragowar mai ne ke fashewa da kansa bayan filogi ya kunna, sautinsa kamar ana kaɗa ƙananan tsakuwa a gwangwani, kuma ƙarar salansa tana rufe shi, shi ya sa masu tunin ke sa abin saurare a kunne da aka jona da jikin injin. Ana ƙara digiri ɗaya a lokaci guda, ana kallon layin ƙarfi, in ya daina hawa ko an ji ƙas ɗaya a koma baya da biyu ko uku. A kuma sa teburin da ke rage wuta idan iskar shiga ta yi zafi, domin motar da aka saita fanka na hura mata a daino ba ita ce wadda ta yi zagaye biyar a filin tsere ba.

Abin da zai rage maka bayan daino shi ne tashin sanyi, kuma wannan sau ɗaya kawai ake samun damarsa a rana. Ka bar laftof a jone tun dare, da safe ka kunna log kafin ka murɗa makulli, ka ga sakan nawa ya ɗauka, lamda nawa ya nuna yayin da yake ɗumama, ka canza abu ɗaya tak ka adana fayil ɗin da kwanan wata, gobe ka sake. Tsohon fayil kar ka goge shi, in sabon saitin ya lalata tashin sai ka mayar da na jiya.