Yadda za ku mai da labarin Du Shiniang fim

Masu harkar fim na Birnin Kebbi, in cin amana kuke nema ku duba labarin Du Shiniang da marubuci Feng Menglong ya fitar a China a 1624. Du Shiniang mai zaman kanta ce, ta bar harkar ta bi Li Jia, gogan naka kuwa ya sayar da ita ga ɗan kasuwar gishiri.

Tana da akwatin dukiya da Li Jia bai san abin da ke ciki ba. Kar ku buɗe akwatin da wuri, a riƙa ganinshi a kulle kawai, sai ƙarshe cikin jirgin ruwa ta buɗe tana watsa dukiyar a kogi, nan kyamara ta tsaya kan fuskar Li Jia don wallahi nan fim ɗin yake. Ku ɗauka a Yauri. Faɗawarta ruwa kuma ba sai an nuna ba, ihun masu kwalekwale ya isa.