Yadda nake auna maganar masu tonon asirin UFO, wato abubuwan da ake gani a sama ba a gane ko mene ne ba

Ran nan da daddare, a teburin mai shayi a ƙauyenmu kusa da Ringim, ƙanena ya miƙo min waya jikinsa na rawa: "Yaya, duba, sojan Amurka ya fasa ƙwai, wai gwamnatinsu na ɓoye jiragen halittun wata duniya." Tun ranar nake bibiyar zancen, don ba na son yaranmu su riƙa haɗiye duk abin da waya ta kawo.

Ka fara da tambayar da alƙali ke yi wa mai shaida: ganau ne ko jiyau? David Grusch, tsohon jami'in leƙen asirin sojan sama, ya yi rantsuwa gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ranar 26 ga Yuli, 2023, ya ce akwai shirin sirri na kwashe tarkacen irin waɗannan jirage. Amma da bakinsa ya ce daga mutane sama da 40 da ya tattauna da su ya samo labarin, bai ajiye ko ɓallin ƙarfe a gaban jama'a ba. A zaman nan akwai David Fravor, matuƙin jirgin yaƙi, da ya ce a 2004 ya ga wani farin abu marar fiffike a saman teku daura da Kalifoniya. Wannan ganau ne. Sai dai abin da bai gane ba ya gani, kada kai ka ƙara gishiri.

Sai ka duba me mutum ya samu, me ya rasa. Wani aikinsa ya sa a haɗari, wani littafi zai sayar. Ba ƙazafi nake yi ba. Mutum kan yarda da maganarsa har zuci, alhali wanda ya faɗa masa ne ya ɓata.

Ita ma gwamnati kada ka sakar mata jiki. A Maris 2024 AARO, ofishin ma'aikatar tsaron Amurka mai binciken irin waɗannan abubuwa, ya ce bai sami hujjar cewa ana ɓoye jiragen halittun wata duniya ba. To amma tarkacen da aka tsinta kusa da garin Roswell na Amurka a 1947, da wasu ke cewa na irin waɗannan jirage ne, balan-balan ɗin auna yanayi sojoji suka ce, sai a 1994 sojan sama suka amsa cewa na sauraron gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet ne. Ɓoyo akwai shi, na kayan soja.

Kafin ka tura wa kowa a WhatsApp, nemi cikakken bidiyon zaman, ba guntun minti ɗaya ba. Ni da ƙanena ranar kasuwa muka sauke shi, inda sabis ya fi ƙarfi.