Ga masu son ɗaukar bidiyon waƙa kuma aljihu ba nauyi

'Yan uwa wanga abu ba sai da kyamarar miliyan ba wallahi. Ni da abokina mawaƙi da waya muka yi namu, ga abin da na gane.

Ku gama waƙar a situdiyo tukuna, ranar ɗauka sai ku saka ta a sifika mawaƙin kuma yana bin ta da baki, sautin sifikar da waya ta ɗauka shi za ku bi don waƙar ta zauna daidai wurin editin a CapCut, manhajar haɗa bidiyo.

Rana ita ce fitilarku ta kyauta amma kun san zafin Sakkwato, da tsakar rana waya zafi take yi ta tsaya, fuska kuma duk inuwa, don haka ku fita 7 na safe ko bayan la'asar. Bakin gulbin Rima wajen Kwalkwalawa yana bada hoto mai kyau sosai. Wurin saita ingancin bidiyo a waya ku sa 1080p, 4K cinye memori kawai yake.

In cikin unguwa ne ku fara gaida mai unguwa. Kuma tun kafin a fara ku yi magana a shafin wa za a ɗora.