Yadda ɗalibin injiniya zai ci moriyar SIWES a Bauchi da Gombe

Shekara biyar ake yi ana karatun injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, amma wata shida kacal ake sakinka ka je inda ake taɓa ƙarfe da kankare da wayar wuta da hannu. Wannan shi ne SIWES, shirin koyon aiki a masana'antu da ITF, hukumar horas da ma'aikatan masana'antu, ta fito da shi a 1973 saboda masu masana'antu sun yi ta kukan cewa masu digiri na zuwa musu da ilimi a ka, hannu kuwa bai san aiki ba. A zango na biyu na aji huɗu ake fita. Na ga ɗalibai da yawa sun mai da watannin nan hutu, kuma abin yana ci mini rai. Don haka ƙanena, ga yadda za ka yi.

Ka fara neman wuri tun zangon farko, kada ka jira a gama jarrabawa. Da zarar ofishin SIWES na makaranta ya ba ka takardar gabatarwa, ka yi kwafinta da yawa, ka kai wurare uku ko huɗu da ƙafarka. Takardar da aka ajiye a bakin ƙofa takan kwana a can. Ka nemi ganin injiniyan da ke kula da ɗalibai, ka gaishe shi da ladabi, ka ce, "Yallaɓai, aiki nake so in koya."

Zaɓen wurin shi ne inda ya kamata ka fi tsayawa. Idan kanikanci kake karanta ko sinadarai, kamfanin siminti na Ashaka a ƙaramar hukumar Funakaye makaranta ce guda: a can za ka ga tanderun da ke gasa dutse a zafin da ya kai kusan digiri 1,450. Ɗan sashen lantarki ya duba tashar wutar ruwa ta Dadin Kowa mai megawat 40, ko tashar TCN (kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa) ta Gombe, ko ofisoshin JED (kamfanin rarraba wuta na Jos), inda zai ga yadda ake sauko da wuta daga 33kV zuwa 11kV har ta kai 415V da ke shiga unguwa. Mai karatun gine-gine da hanyoyi yana da ma'aikatar ayyuka, da matatar ruwa ta madatsar Gubi, da duk wani ɗan kwangila da ke zuba kankare a gari. Shawarata, kada alawus ya ja ka. Wani abokin karatunmu ya zaɓi ofis mai sanyi saboda ana ba da ɗan abin mota, ya ƙare wata shida yana ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur. Ƙaramin wurin da za a miƙa maka sifana ya fi wannan ofishin nesa ba kusa ba.

Idan an karɓe ka, ka mayar da takardar amincewa makaranta, ka cike fom ɗin fara aiki ka kai ofishin ITF mafi kusa cikin makonnin farko. Ka tanadi takalmin kariya da hular kwano. A wurin lantarki kuwa, kada hannunka ya kai ga komai sai an tabbatar maka an kashe layi an kuma haɗa shi da ƙasa.

Sai logbuk, wato littafin da za ka riƙa rubuta aikin da ka yi. Kullum ka rubuta, kafin ka kwanta. Wanda ya bar shi sai ƙarshen wata, ƙarya zai shirya, kuma malamai suna gane ta da kallo ɗaya. "Mun je fili" ba rubutu ba ne. Ka rubuta cewa an kwaɓa kankare 1:2:4 (siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu), an zuba a ƙananan akwatuna masu milimita 150, za a murƙushe wasu bayan kwana 7, sauran bayan kwana 28 don a auna ƙarfinsu. Ka zana abin da ka gani, ko da zanen bai yi kyau ba. Duk mako mai kula da kai ya sa hannu.

Ga wani abu da ba a faɗa a aji: yawancin abin da za ka koya, wurin masu aikin hannu yake. Dattijon da ya shekara ashirin yana walda, ko yana gane ciwon inji daga ƙararsa, ba zai buɗe maka ciki ba idan ka zo kana ji da kai. Ka ce masa Baba ko Oga, ka riƙe masa kayan aiki, ka yi tambaya bayan an sauke aiki, ba lokacin da hankalinsa ke kan na'ura ba. Da dare ka buɗe littafinka ka nemo lissafin da ke bayan abin da ya nuna maka.

Malami daga makaranta zai iya zuwa duba ka ba tare da sanarwa ba, saboda haka ya same ka a wurin.

Saura wata guda ka gama, ka fara rubuta rahoto daga logbuk ɗinka, ka haɗa da hotunan da aka ba ka izinin ɗauka. Ka tabbatar an cike Fom 8, wato fom ɗin kammala shirin, an buga hatimi, ITF ma ta sa hannu a logbuk kafin ka koma. Ranar kare rahoto, ka zaɓi aiki ɗaya da ka yi da hannunka, ka bayyana shi daga farko har ƙarshe, domin a kansa malamai za su yi maka tambayoyi.